Inbata a motar kwana: wacce za a saya, kuma yaya za a haɗa ta?

Auwalu Rewaya

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. An kawo aikin wata bas, Toyota Hiace mai dogon rufi, irin wadda injinta ke ƙarƙashin kujerar gaba. An cire kujerun baya, kafinta ya yi gado da kabad da ɗan wurin girki, za a mayar da ita motar kwana. Kayan da ake so su yi aiki idan an kashe inji: ƙaramin firji, fanka biyu, talabijin mai inci 32, laftof, cajin wayoyi, fitilu, butar lantarki mai 1500W da maikurowef. Mai motar ya taɓo maganar esi ma. Shi dai ra'ayinsa a sayo inbata mai 5000W a huta. Motar 12V ce. Wace inbata ta dace, wace waya, wane fiyus, kuma a ina zan ɗaure ta?

Injiniya Bashir

Wa alaikumus salam ƙanina. Ka ajiye maganar inbata tukuna, mu fara daga ɓangaren batir, don a mota can ne aikin yake, can kuma gobara ke tashi.

Ga lissafin da ke yanke hukunci. Duk wat ɗin da za ka ja a ɓangaren 230V, raba shi gida goma, ka samu amfiyar da za ta bi ta wayar 12V, har da asarar da inbata ke yi a cikinta. Buta mai 1500W, amfiya 150 ke nan. Inbata mai 2000W idan ta cika kaya, wajen 185A zuwa 200A. Mai 5000W ɗin da mai motar yake so kuwa ta tasar wa 500A. Wannan ya fi abin da kik ɗin motar ke ja lokacin tayar da inji, shi kuma kik daƙiƙa biyu ko uku yake yi ya saki. Babu batirin da za ka saka a Hiace da kuɗin hankali ya riƙa ba da 500A. Yawancin masu rubutun 5000W a 12V da ake sayarwa da araha ma, lambar ta ƙarfin fizgar farko ce, ainihin abin da suke iya riƙewa bai wuce rabinsa ba.

Abin da za ka duba shi ne kayan da za su yi aiki lokaci guda. Maikurowef da aka rubuta wa 700W, ƙarfin dafuwarta ke nan, abin da take ja daga soket ya kai 1100W. Buta 1500W. Idan aka yi ƙa'ida ba a kunna su tare, 1500W da firji da talabijin da laftof ba za su wuce 1750W ba. Inbata mai ainihin 2000W ta isa.

Malam Habu Mai Sola

Injiniya ya faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya: a lura da bambancin VA da W a jikin kwali. Ko manyan kamfanoni da VA suke rubutawa. Victron MultiPlus mai 3000VA, takardarta ta ce 2400W take bayarwa a zafin digiri 25, ta sauko 2200W a digiri 40, a digiri 65 kuma 1700W kacal. To motar da aka faka a rana cikin watan Afrilu, cikinta na iya haura digiri 60. Don haka duk lambar da ka gani, ka rage mata kashi ɗaya cikin biyar kafin ka dogara da ita. Mai 2000VA tasu 1600W ce, buta kaɗai ta kusa cinye ta.

Alhaji Tanimu

Ni fa ban ga dalilin wahalar da mai mota da tsada ba. Inbata irin ta modifayid, wadda wutarta ba ta da santsi, ba ta kai rabin kuɗin fiyo sain, mai wuta mai santsi irin ta nefa, ba, kuma buta da fitila ba ruwansu da siffar wuta. Masu cajin waya a bakin titi shekara nawa suna aiki da ita?

Injiniya Rukayya

Ranka ya daɗe Alhaji, a kan buta ka yi daidai, duk abin da aikinsa ɗumama ƙarfe ne bai damu ba. Amma dubi sauran jerin Auwalu. Wutar modifayid hawa-hawa take, kamar matakala, ba ta lanƙwasa irin ta nefa. Duk abin da ke da moto a ciki yana mayar da waɗannan kusurwoyin zafi. Shi ya sa fanka ke gurnani a kanta, kwamfuresar firji kuma ta riƙa ɗumi fiye da kima, wani sa'in ta kasa tashi ta yi ta ƙas-ƙas har kwayil ya ƙone. Maikurowef tana rage ƙarfi, sai an ninka mata lokaci, an ƙara cin batir ke nan. Wasu cajojin laftof da na batirin dirila ma suna lalacewa. Abin da aka tara a sayen inbatar, firji ɗaya zai kwashe shi. Araha ba ta ado. Fiyo sain za a saya.

Auwalu, ga wata shawara da za ta rage maka rabin aikin. Duk abin da ke da irinsa na 12V, kada ya bi ta inbata. Firji mai kwamfuresar 12V, fankokin DC, fitilun LED, soket na USB-C mai cajin laftof kai tsaye. Dalili: inbata mai 2000W ko ba ta ɗauke da komai tana shan 15W zuwa 25W don kawai tana kunne. A awa 24, amfiya-awa (Ah) 30 zuwa 50 sun tafi a banza. Idan firji na 230V ne, dole ta kwana a kunne saboda shi. Idan na 12V ne, sai a kunna ta lokacin shayi da ɗumame, a kashe. Ka nemi mai ɗan makunni na nesa, ka liƙa shi kusa da wurin girki.

Alhaji Tanimu

To, na ji ta firji. Amma firjin 12V ɗin ma ai ba arha ne da shi ba.

Injiniya Rukayya

Haka ne Alhaji. A gwada kuɗinsa da kuɗin ƙarin 50Ah na litiyom da za a buƙata idan ba a saye shi ba, sai a zaɓa. Idan an riga an sayi na 230V, a tuna kwamfuresa tana fizgar ninki biyar zuwa bakwai na abin da aka rubuta mata a daƙiƙar da take tashi. Inbata mai 2000W ba za ta ji ba, amma idan ya faɗo daidai lokacin da buta ke kai, nan ake jin ta yi ƙara ta ɗauke.

Auwalu Rewaya

Allah ya ƙara sani. To batir fa? Akwai tubula biyu masu 220Ah da mai motar ya ce a ɗauko daga gidansa.

Baba Idi Mai Batir

A'a ɗana, tubula ba ta shiga motar da mutum zai kwana a ciki. Batirin ruwa ne. Gargadar hanya za ta sa asid ya riƙa tsartuwa ta murafe, ya ci ƙarfen daɓen motar. Idan yana caji kuma iskar haidurojin yake fitarwa, wadda tartsatsi kaɗan ke tayar da ita, ga shi inbata na da rilay da fanka a kusa. Nauyi kuma, kowane ɗaya ya kai kilo 60. Kilo 120 a gefe guda na bas, sai ka ga ta karkace.

Bayan haka ba a yi shi don jan ƙarfi ba. Wancan 220Ah da ke jikinsa, an auna shi ne a ja a hankali cikin awa 20, wato 11A. Ka ɗora wa guda biyu 150A na buta, wutar za ta dulmiya nan take, inbata ta ga ƙasa da 10.5V ta yi kuka ta mutu, alhali batirin bai ƙare ba. Kuma rabinsa kawai ake ci idan ana so ya yi shekaru.

Litiyom za ka sa, irin LiFePO4. Mai 200Ah nauyinsa kilo 20 da 'yan kai, yana ɗauke da 2560Wh, kuma ana iya cin kashi 90 cikin ɗari. Amma ga tarkon da mutane ke faɗawa: allon BMS da ke cikinsa, wanda ke tsare batirin ya yanke wuta idan an ja fiye da kima. Yawancin masu 100Ah, BMS ɗinsu 100A ne iyakarsa, wato abin da bai wuce 1100W ba. Akwai ma masu 200Ah da aka sa wa BMS mai 100A. Ka kunna buta, komai ya ɗauke ɗif, har fitilu, ka zaci inbata ce ta lalace. Ka tambayi mai shago amfiya nawa yake saki a jere, ya nuna maka a takarda. Ko dai guda ɗaya mai BMS 200A, ko biyu masu 100Ah iri ɗaya, sababbi, a haɗa ja da ja, baƙi da baƙi. Idan biyu ne, a cika kowanne shi kaɗai kafin a haɗa, wayoyin haɗin su zama tsawo ɗaya, sannan ka ɗauki jar waya daga na farko, baƙa daga na biyu, don su raba kayan daidai.

Malam Habu Mai Sola

Bari in ɗora lissafin yini a kan maganar Baba. Firji a zafinmu, a ba shi 600Wh. Fanka biyu masu 15W awa goma, 300. Talabijin awa huɗu, 200. Laftof awa huɗu, 240. Wayoyi da fitilu, 100. Tafasa ruwa lita ɗaya minti huɗu ne, wajen 100Wh, sau uku 300. Maikurowef minti goma, 185. Jimla 1925Wh, da asarar inbata a ce 2200. Ka ga 200Ah yini ɗaya cur zai yi, babu rara. Idan aljihu ya ɗauka, 300Ah ya fi kwanciyar hankali.

Esi kuwa a faɗa wa mai motar gaskiya. Mai ƙarfin doki ɗaya, ko da irin mai lallaɓa wuta ce, a ce tana cin 500W a tsaka-tsaki, awa takwas 4000Wh ne. Wajen 350Ah ita kaɗai, kowane dare. Rufin Hiace zai ɗauki fanal mai 400W, wataƙila biyu idan babu tagar iska a sama. Guda ɗaya a kwance, da zafi da ƙura, 1600Wh zuwa 1800Wh zai kawo a yini. Da me za a mayar da abin da esi ta sha? A ja mata layinta daban, ta yi aiki kawai idan an jona motar da wutar gida ko janareta. Janaretan kuma nesa da mota, ta inda iska ba ta kaɗo hayaƙin, don hayaƙinsa na kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Musa Maraɗi

Salamu alaikum. Ni ina ganin da an tafi 24V tun farko. 2000W a 24V bai kai 100A ba. Waya 25mm² ko 35mm² ta isa, fiyus ƙarami, zafi kaɗan. Me ya sa za a yi ta kokawa da amfiya 200?

Injiniya Bashir

Malam Musa, lissafinka daidai ne, kuma da Coaster ce mai dizal, wadda ita kanta 24V take, da ban yi musu ba. Da an nace sai esi ta bi batir, ko an haura 3000W, nan ma 24V ko 48V ne dole. Amma a nan motar 12V ce, firji, fanka, fitilu, famfon ruwa duk 12V. Idan ka tafi 24V sai ka sayi cajar da ke ɗaga 12 zuwa 24 daga altaneta, wato na'urar da ke cajin batirin mota idan inji na aiki, ka kuma sayi wata na'urar mai sauko da 24 zuwa 12 don ƙananan kaya. Ranar da ta biyun ta mutu a daji, babu fitila babu firji. A 2000W, idan batir da inbata suna maƙwabtaka, 12V ta wadatar.

Ga masu Coaster da ke karantawa: kada a saci 12V daga batir ɗaya cikin biyun. Ɗayan zai riƙa ramewa, ɗayan yana cika fiye da kima, duka biyun su mutu da wuri.

Musa Maraɗi

Na yarda a kan 2000W. Amma sharaɗinka na maƙwabtaka shi ne mutane ba sa kiyayewa. Kafinta ya riga ya yi kabad, sai a ce batir a baya, inbata a gaba.

Injiniya Bashir

Shi ya sa za mu yi maganar waya da lambobi. Auwalu, rubuta wannan. Jan ƙarfe na gaske, kowace mita ɗaya mai kaurin 1mm² tana da turjiyar 0.0175 om. Ana ƙirga zuwa da dawowa. A ce tazarar mita biyu ce, waya mita huɗu ke nan, ana jan 200A.

Da 16mm², irin wadda ake sakowa a kwalin inbatoci masu araha, 0.9V zai zube a hanya, wayar kanta ta koma hita mai 175W a cikin kabad ɗin katako. Da 35mm², 0.4V da zafin 80W. Da 70mm², 0.2V da 40W. To 70mm² za ka saya, kuma ka yi ƙoƙari kowace waya kada ta wuce mita ɗaya da rabi. Wutar 230V kuwa ka ja ta duk tsawon motar, 2000W a can bai kai 9A ba. Don haka inbata ita ke bin batir, ba batir ke bin ta ba.

Wayar ta zama mai silili da yawa, mai laushi, irin kebul ɗin walda mai kyau. Ka kankare sililin da wuƙa kafin ka biya. Idan fari ya bayyana a ciki, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, kusan kashi 60 cikin ɗari kawai yake ɗauka, kuma yana karyewa a bakin logi, wato ƙarfen da ake matsewa a kan waya don a ɗaure ta da noti, saboda girgiza. Ba ya da nauyi a hannu, idan ka kara masa laita sililin lanƙwashewa yake ya narke.

Fiyus a kan jar waya, kusa da batir, kada ya wuce santimita 18 daga kan batirin. Wayar yake karewa, ba inbatar ba: idan ta goge da ƙarfen mota ta yi shot, duk abin da ke tsakanin batir da fiyus ba shi da mai ceto. Ga 70mm², 250A, sai dai idan littafin inbatar ya faɗi wata lamba. Irin fiyus ɗin ma da magana. Litiyom idan ya yi shot dubban amfiya yake zubarwa, ƙaramin fiyus na iya narkewa wutar ta ci gaba da tsallakawa. Class T yana iya yanke har 20,000A, MRBF da ake ɗaurawa a kan batir 10,000A a 12V, ANL wajen 6,000A, MEGA 2,000A. Ga 200Ah zuwa sama, Class T ko MRBF. Waɗannan baƙaƙen birekokin na masu kiɗan mota da ake rubuta wa 250A ko 300A, a bar su. Suna zafi, suna ɗaukewa kafin lambarsu ko su ƙi ɗaukewa sam. Bayan fiyus sai babban makunnin batir mai murɗawa, mai ɗaukar 300A.

Baba Idi Mai Batir

Kan waya kuma, ɗana, nan ne wuta ta fi tashi. Logi na jan ƙarfe daidai kaurin wayar, a matse shi da matsi mai haidurolik, ba guduma da kurfi ba, ba kuma dalma kaɗai ba. Dalma tana sandarar da wayar ta karye, idan wurin ya yi zafi kuma ta narke wayar ta zare. A sa robar da ke tsukewa da zafi a rufe. Wajen ɗaurewa, logi ya kwanta a kan ƙarfen tasha, wato wurin ɗaure waya a jikin batir ko inbata, kai tsaye, washa a samansa, sannan noti. Washa ɗaya ta shiga tsakaninsu, amfiya 200 za su bi ta cikinta, ta yi ja, robar wurin ta narke. Noti mai M8 ana ɗaure shi wajen 10 zuwa 12Nm, a duba littafi, kada a murɗe shi ya tsinke.

Auwalu Rewaya

Na gode Baba. Baƙar wayar in ɗaure ta a bodi kawai kamar yadda muke yi wa sauran kayan mota? Sannan caji, in ja waya daga batirin mota da rilay?

Injiniya Rukayya

A'a, baƙar waya ta inbata ta tafi batir kai tsaye, kauri ɗaya da ja. Bodin Hiace falle-falle ne da aka ɗiga wa walda, bai dace ya ɗauki 200A ba. Daga sandar da baƙaƙen wayoyi ke haɗuwa sai ka ja guda ɗaya mai kauri zuwa ƙarfen motar, ka kankare fenti sai ya yi ƙyalli, ka ɗaure, ka shafa giris. Idan za ka sa shant na auna batir, kuma ya kamata ka sa, don ba a gane cikar litiyom da kallon bolt, shi ne zai fara zama a kan baƙin batir, komai ya biyo bayansa. Duk wayar da ta tsallake shi, lissafinsa ya ɓaci.

Rilay kuma kada ka yi. Litiyom da ya sauka zai zuƙi duk abin da altaneta ke iya bayarwa, ita kuma idan inji na sulo fankarta ba ta juyawa sosai, sai ta gasu. Caja ta DC zuwa DC za ka sa, mai 30A. Tana jan kusan 35A zuwa 40A daga altaneta, ka karanta lambar da ke jikin altanetar ka tabbata bai haura rabinta ba. Waya 16mm² idan tazarar ta kai mita biyar, fiyus 60A a kowane ƙarshe, don batir ne a kowane gefe. Daga kashi 20 zuwa cika, 200Ah zai ɗauki awa biyar da rabi, tafiyar Kano zuwa Abuja ta isa ta cika shi. Kuma cajar ce ke raba batirin ɗaki da na tayar da mota, ko an cinye na ɗaki ƙarƙaf, da safe mota za ta tashi. Fanal mai 400W kuma, kwantirolar cajin sola irin MPPT mai 30A.

Nasiru daga Jamus

Ƙarin bayani ga wanda zai sayo irin waɗannan motocin na hannu daga waje. Na Turai yawanci a kan Fiat Ducato ake gina su, wutarsu 230V 50Hz, daidai da ta Najeriya da Nijar. Suna da shuɗin fulogi mai 16A a gefe na jonawa a sansani. Sababbin, masu injin Euro 6, altanetarsu kwamfuta ce ke juya ta, tana sauke wuta ƙasa da 13V a kan hanya, don haka rilay ba ya caji a kansu ko da batirin gargajiya ne. Na Amurka kuwa 120V 60Hz ne komai nasu. Inbatar da aka ciro daga can ba za ta tayar da butar nan ba, idan kuma aka jona motar da nefa kai tsaye, caja da maikurowef da esi duk sun tafi. A karanta lambar fitar wuta kafin a biya.

Abu biyu da ke cin batir a irin waɗannan motocin idan aka ƙara inbata: tsohuwar cajar motar, idan tana kan layin da inbata ke ba wuta, sai batir ya riƙa cajin kansa da kansa yana asara. Da firjin nan mai aiki da gas ko lantarki, da ya ji 230V sai ya koma kanta, hitarsa ta kwana tana ja. A fitar da su daga layin inbata. Ga masu zama a ƙasashen sanyi kuma, ba a cajin litiyom idan ya kai digiri sifili.

Alhaji Tanimu

Maganar jonawa da wutar gida ai mai sauƙi ce. Waya mai fulogi a kai biyu, ɗaya a gida ɗaya a soket ɗin mota.

Injiniya Bashir

Don Allah Alhaji kada a yi wannan. Da an cusa kai ɗaya, haƙoran ɗaya kan suna ɗauke da 230V a fili. Idan kuma inbata na kunne, wutarta ta gamu da ta nefa, nan take za ta ƙone. Hanya biyu ce. Ko cenjoba mai yanke layif da nutural duka, mai matsayi uku: waje, kashe, inbata. Ko a sayi inbata mai caja a haɗe, wadda ke canjawa da kanta. Ta biyun ta fi, musamman mai barin a rage amfiyar da take ja daga waje, don ƙaramin janareta ya iya ɗauka. A bakin shigowa a sa na'urar da ke yankewa idan wuta ta yi sama ko ƙasa da kima, da bireka mai yanke wayoyi biyu, don a gidaje da yawa an juya layif da nutural.

Wayar cikin mota 2.5mm² mai silili uku a haɗe, mai laushi. Singil ɗin gida mai sanda ɗaya girgiza na karya ta. Duk inda za ta huda ƙarfe, zoben roba. Kada ta bi bututu ɗaya da wayoyin 12V.

Sai abin da ke tsare rai. Bayan inbata a sa RCD mai 30mA, na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurara ta jikin mutum ko ƙarfe. Amma ba zai yi aiki ba sai an haɗe nutural da atin, wato wayar ƙasa, a wajen inbatar, an kuma ɗaure jikin inbatar da atin na soket duka a ƙarfen motar. Inbata mai caja ta kirki tana da rilay da ke yin wannan haɗin idan tana kan batir, ta sake shi idan an jona waje.

Malam Habu Mai Sola

Injiniya, a nan a yi hattara. Ba kowace inbata ke yarda a haɗe mata nutural da atin ba. Wasu ƙanana rabin wuta suke fitarwa a kowace ƙafa, 115V nan 115V can. Ka haɗe ɗaya da jiki, ka yi mata shot. Auwalu, ka kunna ta ba kaya, ka auna layif zuwa atin, ka auna nutural zuwa atin. Idan 230 da sifili ne, an haɗe a ciki, kada ka ƙara. Idan rabi da rabi ka gani, sa ƙaramin ƙwan fitila mai zare tsakanin nutural da atin. Bai kama ba, mita kuma ta faɗi sifili, wutar iska ce marar ƙarfi, yawanci ana iya haɗewa. Ya yi ja, kada ka kuskura. Duk da haka maganar littafinta ita ce gaba, kuma gara a tambayi wannan tun a shago.

Injiniya Bashir

Gyara mai kyau, Malam Habu. Kuma danna maɓallin gwaji na jikin RCD ba hujja ba ce, zai faɗi ko babu wancan haɗin, don a cikinsa yake zagayawa. Da ɗan gwajin soket mai zubar da 30mA zuwa atin ake tabbatarwa.

Auwalu Rewaya

Allah ya saka da alheri. Saura wurin ɗaurewa. Akwai fili bayan kujerar direba, akwai kuma kabad ɗin ƙasa inda tukunyar gas take.

Baba Idi Mai Batir

Duka biyun a'a. Bayan kujera murfin inji ne, zafi. Gas kuma ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, tartsatsin rilay ya ishe shi. Tukunya ta samu akwatinta rufaffe mai huda a ƙasa zuwa waje, babu wayar da za ta ratsa shi. Ƙarƙashin gado ya fi, kusa da tudun taya. A bar wa inbata santimita 10 ta kowane gefe, a huda mashigar iska a ƙasa da mafita a sama, a sa raga da ɗan soso saboda ƙurar hunturu, a riƙa wanke shi. Kada a ajiye bargo ko buhu a wurin. A ɗaure ta da noti ya ratsa katako mai kauri, ba kusar kafinta ba. Batir kuma da ɗamara da ƙarfe ta ratsa daɓe, da faffaɗar washa a ƙasa. Kafin dirila ta taɓa daɓe, leƙa ƙarƙashi, tankin mai da bututun birki suna nan.

Injiniya Rukayya

Ranar haɗawa, cire agogo da zobe, ka naɗe sufana da salatif. Makunnin inbata a kashe, babban makunni a kashe, fiyus a aljihunka. Gama ɓangaren 230V da atin, ɗaure baƙa, ɗaure ja, fiyus ne na ƙarshe. Kafin ka murɗa makunni, sa mita ka tabbatar ja na kan ja. Juya su sau ɗaya ya isa ya kashe inbata, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan.

Kada ka murɗa kai tsaye. Kafasitocin cikin inbatar, masu ajiye wuta, fanko suke, za su fizgi wuta kamar shot, tartsatsi ya ci bakin makunni, BMS ma na iya ɗaukewa. Ɗauki ƙwan birki mai 21W da wayoyi biyu, ka gitta shi a kan ƙafafun makunnin. Zai haska ya dushe cikin 'yan daƙiƙu. Da ya mutu, murɗa. Rezisto mai om 25 zuwa 30 ma yana yi.

Gwaji: cika buta, kunna, tana aiki ka auna bolt a kan batir, ka auna a bakin inbata. Bambancin kada ya wuce 0.3V. Ya wuce, bi haɗi ɗaya-ɗaya da mita, daga logi zuwa tasha, wanda ya nuna fiye da 'yan milibolt shi ne mai laifin. Maimaita sau uku a jere, ka kashe, ka taɓa kowane noti na ɓangaren 12V da bayan yatsa. Ɗumi kaɗan ba komai, wanda ya ƙona ka a kwance a sake.

Auwalu Rewaya

Yaya Rukayya, bayan an miƙa motar akwai abin da za a sake dubawa?

Injiniya Rukayya

Ka ce su dawo bayan tafiyar farko mai nisa. Silili suna zama, girgiza na sassauta noti, sai ka bi su duka da sufana, ka duba inda waya ke gogar ƙarfe, ka busa ƙurar fankar inbatar. Ka rataya musu abin kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, ba cikin kabad ba, ka kuma nuna wa direba babban makunnin da hannunka, ya murɗa shi a gabanka.